Zan fita waje in fara karatun Larabci: Saudiyya, Masar ko Sudan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 21 daga Funtuwa. Na sauke Alƙur'ani a makarantar allo, na kuma gama sakandare shekara uku da suka wuce da takardar NECO, amma Larabci ko gaisuwa ba na iya tsawaitawa. Mahaifina ya ware mini kuɗi in fita waje in koyo. Wani ejan ya ce zai kai ni Madina da bizar Umara, in na isa sai a nema mini gurbi a jami'a. Wasu kuma sun ce Masar ko Sudan ta fi sauƙi. Ina zan dosa, kuma da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, ya sa albarka a abin da ya ware.

Maganar ejan ɗin nan ce ta fi gaggawa. Kada ka ba shi ko sisi. Bizar Umara ta ibada ce, kwanakinta ƙidayayyu ne, kuma ba a juya ta ta koma iƙamar karatu, wato takardar izinin zaman ɗalibi. Wanda ya wuce wa'adinsa, ƙarshensa tara da tsarewa a gidan tarhil da koro, sannan a hana shi komawa ƙasar na tsawon shekaru. Wato karatun da ka je nema shi ne zai fara kuɓuce maka. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka buɗe a 1961, da Ummul Ƙura ta Makka da jami'o'in Riyad duk ta intanet ake neman gurbinsu, ta shafin gwamnatin Saudiyya mai suna Udrus fis Sa'udiyya, kuma kai da kanka za ka iya cike fom ɗin. Idan an ɗauke ka, kana gida za a aiko da sanarwa, a buga maka bizar karatu a ofishin jakadancinsu da ke Najeriya.

Ga mai farawa irinka, gurbin Saudiyya shi ne ya fi sauƙi ga aljihu: masauki, ɗan alawus na wata-wata, tikitin jirgi, sannan ma'ahadin koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, mai mataki huɗu cikin shekara biyu, kafin a shiga kwaleji. Sai dai akwai ƙa'idoji biyu da ke bin ka a guje. An saba ɗaukar wanda shekarunsa ke tsakanin 17 da 25, kuma takardar sakandarensa ba ta wuce shekara biyar da fitowa ba. Taka ta ci uku. Saboda haka ka nema a zangon da za a buɗe nan gaba, ka karanta sharuɗɗan wannan shekarar da idonka, ka tanadi takardun tazkiyya, wato shaidar halin kirki, daga malami ko ƙungiyar Musulunci da aka sani. Masu nema suna da yawa ƙwarai, amsa kuma takan yi watanni, wani lokaci shekara, don haka kada ka jingine komai kana jira.

Sudan kuwa ka cire ta daga lissafi a yanzu. Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum ta yaye Hausawa da dama, kuma a da ita ce mafi araha, amma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, har aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan, ba wurin da za a tura sabon ɗalibi ba ne.

Saura Masar, inda mai kuɗin kansa ya fi samun ƙofa a buɗe. A nan sai ka tsaya ka amsa wa kanka tambaya ɗaya kafin ka sayi tikiti: harshen kawai kake so, ko digirin Azhar? Idan harshen ne, akwai cibiyoyi masu zaman kansu birjik a unguwar Madinatu Nasr ta Alƙahira, ana karatu awa biyu zuwa huɗu a rana, kwana biyar a mako, kuma mai himma cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu zai iya bin lacca, ya karanta littafi marar wasali. Ka tambayi cibiyar tun kana gida ko takardarta tana isa a nemi iƙama da ita, domin ba kowacce ba ce. Idan digirin Azhar ne, lissafin ya fi haka tsawo, kuma nan ne iyaye da yawa suke jin an yaudare su alhali bayani ne ba a yi musu ba. Azhar tana shigar da ɗalibi kwaleji kai tsaye ne idan takardarsa ta fito daga makarantar da ta yi wa mu'adala, wato ta amince karatunta ya yi daidai da sakandarenta. Mai NECO zalla zai fara da jarrabawar tahdidul mustawa, wato ta tantance matakin Larabcinsa, a sa shi a matakin harshe da ya dace da shi, daga na masu farawa zuwa na tsakiya zuwa na gaba. Bayan nan a yi masa jarrabawar karɓa, a ajiye shi a Ma'ahadul Bu'us, makarantar Azhar ta ɗaliban ƙasashen waje, ko dai a i'idadi, wato ƙaramar sakandare, ko a sanawi, wato babbar sakandare, kowanne shekara uku. Ka haɗa da shekara huɗu na kwaleji, za ka ga ana maganar shekara takwas ko fiye. Ka faɗa wa mahaifinka wannan adadin tun yanzu, ƙarara. Azhar tana kuma ba da guraben tallafi ta ofishin jakadancin Masar a Abuja, masu samu suna zama a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban waje da ke unguwar Abbasiyya. Ka nemi wannan ma.

Takardu iri ɗaya ne kusan ko'ina: fasfo mai sauran shekaru a gaba, takardar haihuwa, sakamakon sakandare na asali, shaidar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, gwajin asibiti na tarin fuka da ciwon hanta da ƙanjamau, da katin rigakafin shawara, wanda Masar da Saudiyya duk suke nema daga mai zuwa daga Najeriya. Takardun makaranta ana kai su Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a buga musu hatimi, daga nan Ma'aikatar Harkokin Waje, daga nan ofishin jakadancin ƙasar da za ka, bi da bi, ba a tsallake ɗaya. Sannan a fassara su zuwa Larabci a wurin mai fassarar da ofishin jakadancin ya yarda da shi. Abin da ya fi dawo da mutane baya shi ne suna. NECO ta rubuta Mohammed, fasfo ya ce Muhammad, takardar haihuwa ta sa sunan gari a gurbin sunan kaka, ko kwanan haihuwa ya bambanta. Jami'in da ke can ba zai saurari bayani ba, mutum biyu yake gani. Ka gyara tun a gida da takardar rantsuwa ta kotu, ka kuma tsayar da rubutun sunanka guda ɗaya da Larabci, kowace fassara ta bi shi.

Yanzu ga abin da muka fi so ka riƙe. Buga hatimai da jiran amsa za su ci maka aƙalla wata shida, kuma watannin nan su ne jarinka mafi girma. Duk matakin da ka tsallake a jarrabawar tantancewa, hayar watanni ce da abincinsu ka rage wa mahaifinka. Baƙaƙe da gaisuwa da sunayen kayan ɗaki, da naira ya kamata a koye su a Funtuwa, bai kamata a biya musu kuɗin waje ba. Ka nemi malami, ku ɗauki juzu'in farko da na biyu na Durusul Luga da ake karantarwa a Madina, ko littafin farko na Al'arabiyyatu Baina Yadaika da cibiyoyin Masar da yawa ke bi. Awa biyu kullum, kalma goma sabuwa, kowacce ka sa ta a jimla ka faɗa da baki.

Saukar da ka yi babban tudu ne, domin harshenka ya saba da lafazin, kuma Azhar tana jarraba hadda. Amma karatun allo yana zuwa da abubuwa uku da sai an gyara. A rubutun allonmu, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A Masar da Saudiyya, ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf tana da biyu. Wanda bai sani ba, duk fa da ya gani a allon aji ƙaf zai karanta ta. Haka nan da ruwayar Warshu ka sauke, su kuma Hafsu suke yi. Sai mafitar haruffa, wadda ta fi daɗewa kafin ta gyaru. Harafin da muke kira lodi, Bahaushe lam yake mai da shi, shi ya sa muke cewa alƙali da alwala da lalura. Sa mai ɗigo uku da sin da sodi duk mun narkar da su sun zama sauti ɗaya, zal da zayin haka, ain ta koma hamza, ha mai fitowa daga tsakiyar maƙogwaro ta koma ha ɗinmu. A hira za a gane ka, amma a jarrabawar shifta kowanne kuskure ne, kuma ma'ana tana canzawa. Ka zauna gaban mai tajwidi ko da wata biyu ne.

Hausa za ta taimake ka fiye da yadda kake zato: ranakun mako, ƙidaya daga ashirin zuwa casa'in, littafi, alƙalami, darasi, labari, duk daga can suke. Ka dai yi hattara da waɗanda ma'anarsu ta kauce. Jarrabawa a Larabci imtihan ce ko ikhtibar, tushen kalmarmu gwaji yake nufi. Sha'awa kuwa, da muke cewa ina sha'awar karatu, asalinta shahwa, kuma a kunnen Balarabe ta fi karkata ga sha'awar jiki. Ka ce uridu ko argabu.

Da ka sauka Alƙahira za ka ji kamar ba Larabcin ka karanta ba, kada hankalinka ya tashi. Fusha, wato Larabcin littafi, a aji take da huɗuba da labaran rediyo, titi kuwa ammiyya ake yi, wato Larabcin yau da kullum. Bamisire jim ɗinsa ga ce, jamal ya zama gamal. Ƙaf tasa hamza ce, ƙalb ya zama alb. Kaifa haluka ta koma izzayyak, aina ta koma fen, al'ana ta koma dilwa'ti. Ka koyi abin da zai ishe ka ciniki da hawa mota da ofishin fasfo na Abbasiyya inda ake buga iƙama, amma kada ta shiga rubutunka. Ka kuma haddace lambobinsu kafin ka taɓa kuɗi, domin biyar ɗinsu kamar sifirinmu take, sifirinsu kuma ɗigo ne.

Wajen masauki nan ne shekarar mutane da yawa take zubewa. Ɗalibanmu sun fi taruwa a Hayyul Ashir da maƙwabtanta, kuma makon farko kana buƙatarsu, su tarbe ka, su nuna maka hanya. Amma gidan da mutum shida duk Hausawa ne, ana tuwo ana hirar gida har dare, awa ukun ajin ba za su iya da sauran awa ashirin da ɗaya ba. Ka nemi ɗaki da ɗan Indonesiya ko Senegal ko Uzbekistan, wanda ba abin da ya haɗa ku sai fusha. Ka lazimci halƙoƙin karatu na Masallacin Azhar ko da kashi ɗaya cikin huɗu kake fahimta, kunne a hankali yake buɗewa.

Batun kuɗi, na makaranta ba shi ne mai nauyi ba. Haya da abinci da sabunta iƙama su ne ke ci. Mai gida zai karɓi ta'amin, wato ajiyar wata guda, dillali ma ya karɓi nasa, kuma kada ka shiga gida ba rubutacciyar yarjejeniya. A Maris ɗin 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a dala guda, naira ma ka san halinta, saboda haka farashin da wani ya faɗa maka na shekarar da ya je ba abin dogaro ba ne. Ka tambayi ɗaliban da ke can a wannan watan, mutum biyu ko uku daban-daban, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan abin da suka ce, kuma kada ka tashi sai kuɗin shekara guda cur suna hannu. Ka sa rigar sanyi mai kauri a jaka, daren Janairu a Alƙahira yakan sauka ƙasa da digiri 10, gidajen kuma ba abin ɗumama ɗaki.

Idan kun buga lissafi da mahaifinka kuka ga kuɗin ba za su kai ba, ga Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, kudu da Yamai, wadda ta fara aiki a 1986 a ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi. Da Larabci ake karantarwa a tsangayoyin shari'a da harshe, kuma a mota ake zuwa. Ita ma sai da hatiman nan da gyaran suna, don haka gobe ka fito da fasfo da takardar NECO da ta haihuwa, ka jera su, ka duba harafi bayan harafi. Allah ya ba da sa'a.