Amsa ga ɗiyata kan zanen ɗakin Kaka

Ɗiyata, saƙonki ya iso, Allah ya yi miki albarka. Kin ce kin zana ɗakin Kaka na gidanmu na Mai Wurno a Sudan, kin rubuta waƙa a ƙarƙashinsa, kina so a rataye shi inda jama'a za su gani a can Jidda. Sai kawunki ya ce wannan tona asirin gida ne. Kina tambayata ko al'ada ta hana.

Kawunki bai faɗi son rai ba. Kin san zaurenmu. Baƙo namiji nan yake yin sallama, nan ake shimfiɗa masa tabarma, nan ake kai masa shayi ko jabana, wato gahawa, ba ya wucewa ciki. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka sauka a bakin kogi kusa da Sinnar, ba su taho da dukiya ba, amma da suka tashi gini sai da suka yi zaure. Abin da yake karewa mutane ne: matan aure, da mutuncinsu, da abin da ake faɗa a tsakar gida. Randa da turmi da jeren kwanuka ba su da asirin da za a tona. Jere ma ai don a gani ake yinsa, mata daga unguwa guda suke zuwa kallo ranar da aka kai amarya.

Hannun nan naki kuwa a gidan aka horar da shi. Kina ƙarama kike zama kusa da Kaka tana kankare baƙin tukunya tana haɗawa da ƙaro don tawadar yara. Ranar saukar yayanki kin ƙi cin abinci, kin tsaya kan malamin da ke zayyana allo, yana jan layi da alƙalamin kara, yana cike gidaje da ja da ruwan ɗorawa. Mutanen Sudan suna kiran wannan zayyanar sharafa. Na dubi hoton da kika aiko, ga gidajen nan a gefen zanenki, ko kin lura ko ba ki lura ba. Ibrahim Salahi ma, shahararren mai zanen Sudan da aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin khalwa ne, wato makarantar allo. Ya je Landan ya koyi zane, amma sai da ya dawo ga harafin allon gidansu kafin mutanen ƙasarsa su tsaya kallon aikinsa, har aka baje shi a Tate Modern, babban gidan baje zane na Landan, a 2013.

Waƙarki kuma na rera ta a hankali, sai na ji lugude a cikinta. Inda kike yanke baiti, nan taɓarya take sauka. Amshin da kike maimaitawa irin na waƙar niƙa ne, wadda Inna take yi da asuba tana kan dutse. Kada wani ya ce miki waƙa ba ta mace ba ce. Nana Asma'u a gidan Shehu ta tashi a Degel, ta yi waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajinta, wato matan da ta horar su koyar, suka kai wa matan ƙauye.

Abu biyu ne ban yarda da su ba, kuma a nan ina bayan kawunki. Kin zana fuskar matar yayanki tana tankaɗe, kanta babu mayafi. Wannan zaman na cikin gida ne, ba ta yi shi don idon maza ba, kuma ba ki tambaye ta ba. Sannan a baiti na uku kin kama sunan mahaifinki ƙarara, kin sa shi a bakin mahaifiyarki. Matar da har yau ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta ma faɗin na ɗanta na fari! Idan aka karanta mata, kunya za ta hana ta fita suna da biki. Ki ce Malam, kamar yadda take cewa.

Sauran duk ki bar shi, ki ƙara ma. Tun da yaƙi ya tarwatsa mu a 2023, akwai jikokin da ba su san angarib ɗin Kaka ba, wato gadonta na igiya, ba su san inda randa take zaune a ƙarƙashin rakuba ba, wato rumfar tsakar gida. Kin manta tasoshin da ke saman jere, da ƙoƙon da ake rufe randar da shi.

Idan kin gyara, ki fara nuna wa mahaifinki, ki nemi izinin matar yayanki, sannan ki aika wa kawunki. Ni zan kira shi kafin nan. Ki gaida mutanen gida.

Gwaggonki