Yadda aikin sa-kai ke dasa tausayi a zuciyar yaro

Malama, kin tambaya ko sanya ɗanki mai shekara bakwai cikin aikin sa-kai zai koya masa tausayi, da kuma irin aikin da ya dace da shi. Zai koya masa, amma da sharaɗin ya riƙa ganin mutumin da yake taimaka wa ido da ido, domin yaro a wannan shekaru ba ya fahimtar wahalar da aka ba shi labarinta kamar wadda ya gani da kansa.

Saboda haka na fi son ki zaɓi mutum ɗaya, misali dattijon da ke zaune shi kaɗai, ku riƙa ziyartarsa tare kowane mako. Yaron ya share masa ɗaki, ya miƙa masa ruwa, ya zauna ya saurari hirarsa. Ranar da ya lura da kansa cewa hannun tsohon na karkarwa idan ya ɗauki kofi, har ya tallafa masa ba tare da an umarce shi ba, to abin ya fara shiga. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 5 ga Disamba a matsayin ranar masu aikin sa-kai tun 1985, sai dai yini ɗaya a shekara ba ya gina hali.

Kada ki biya shi lada, domin zai mayar da taimako ciniki. Kada kuma ki ɗauki hotonsa tare da mabuƙacin ki yaɗa, don hakan na zubar da mutuncin wanda aka taimaka wa. A hanyar komawa gida, ki tambaye shi abin da ya gani, ki bar shi ya yi bayani da bakinsa.