Precede Daban, Proceed Daban

Ka tambaye ni me ya sa na kewaye kalma ɗaya da jan biro a jadawalin walimar nan, alhali kwamfuta ba ta ja mata layi ba. Jawo benci ka zauna, ɗana.

Mai aikin ya rubuto cewa addu'a ce za ta zo kafin jawabin shugaban taro, ya sa precede. Kai kuma ka buga proceed. Kwamfuta ba za ta kama wannan ba, don kowacce kalma ce mai zaman kanta. Proceed ci gaba ne, kamar ɗan sanda ya ɗaga wa direba hannu ya wuce. Precede kuwa abu ya riga wani ne, a lokaci, ko a jeri, ko a daraja. Daga Latin ta fito: prae gaba, cedere tafiya. Ai ka san pre ɗin nan, shi ne a goshin prepaid, mitar da sai ka biya kafin ka ga wuta.

Ɗauki sarakunanmu na Katsina. Sarki Dikko ya hau a 1906, ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi har 1981. Sai ka rubuta "Dikko preceded Nagogo". Amma da zarar ka ga by, magana ta juya: "Nagogo was preceded by Dikko". Sunan da ya biyo bayan by shi ne magabaci. A nan yara da yawa ke tuntuɓe, su mai da uba bayan ɗansa. Kada kuma ka liƙa mata before, tana ɗauke da shi a cikinta.

Wajen rubutu, duba wutsiya. Proceed tana da e biyu manne da juna, precede kuwa da cede take ƙarewa.

Akwai 'yar'uwarta precedence, wato wa ke gaba da wa a daraja, wadda za ka riƙa gani a jerin manyan baƙi. Wannan ba a wasa da ita a garin nan. Ina yaron shago kamarka na taɓa sa sunan wani hakimi ƙarƙashin na dagaci. Maigidana bai ɗaga mini murya ba, ya dai sake sayen takarda da kuɗin aljihunsa, muka kwana a kan injin buga takardu. Har yau ina tuna tulin katunan da muka ƙona a bayan shago.

Je ka gyara, ka karanta shi da babbar murya layi-layi, ka kawo mini in gani kafin a yi farantin da za a ɗora a inji a buga.