Mene ne cocoon, kuma me ya sa ake faɗar sa ga mutum?

Ka ce ka ga kalmar a littafin kimiyya, ka kuma ji an ce wani yana cikin cocoon, abin ya ɗaure maka kai.

Asalinta gidan zare ne da tsutsa ke saƙawa ta lulluɓe kanta kafin ta rikiɗe ta yi fukafukai. Tsutsar siliki ce gwanar wannan aiki. Cikin kwana biyu zuwa uku take saƙa zare ɗaya tak, mai tsawon mita 300 zuwa 900. Masu siliki sukan jefa gidan a ruwan zafi don ƙaron da ya manne zaren ya saki.

Inda ake yawan kuskure: yawancin malam-buɗe-littafi ba ya saƙa. Fatar tsutsarsa ce ke taurara ta zama ƙwanso. Kada kuma ka yanka gidan wai taimako, sau da yawa halittar mutuwa take. Wasu gidajen ma da gashi mai sa ƙaiƙayi, don haka in ba ka san irinsa ba, nuna wa masanin ƙwari hotonsa.

Ga mutum kuwa, ana nufin wanda ya killace kansa, ko aka killace shi, daga wahalar duniya. A 2020 gwamnatin Ayalan ta yi amfani da kalmar ga 'yan sama da shekara 70 da aka ce su zauna gida saboda korona.