Zan koma Ingila da juna biyu: shin asibitin gwamnati zai duba ni kyauta?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni 'yar Birtaniya ce, a can aka haife ni, fasfo ɗina ma na can ne. Shekara shida ke nan muna zaune a Dubai saboda aikin maigidana. Yanzu ina da ciki na mako 19, kwangilar aikinsa kuma za ta ƙare wata mai zuwa, inshorar lafiyarmu za ta tafi tare da ita. Mun yanke shawarar in riga shi tafiya Ingila, in sauka wurin mahaifiyata, in haihu a can. Wata ƙawata ta ce tunda ina da fasfo babu mai tambayata komai. Wata kuma ta ce sai na yi wata shida a ƙasar kafin NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati, ta duba ni kyauta. Wanne ne gaskiya? Idan kuma maigidan ya samu sabuwar kwangila muka koma Dubai bayan haihuwa fa? Shi ba ɗan Birtaniya ba ne.

Amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raba lafiya. Ƙawayenki biyu duk sun so ki da alheri, amma babu wadda ta faɗa miki daidai.

Tsarin NHS, tun kafa shi a 1948, an gina shi ne a kan zama a ƙasa. Fasfo kaɗai ba ya ba mutum 'yancin jinya kyauta a asibiti. Haka nan biyan haraji a shekarun baya, ko mallakar gida a Landan, ko riƙe tsohuwar lambar NHS, ko kasancewar sunanki har yanzu a rajistar likitan unguwarku, duk ba su ne abin dubawa ba. Tambaya ɗaya asibiti zai yi: wannan matar a nan take zaune yanzu, ko baƙuwa ce da ta zo ta koma? Ma'aunin da ake amfani da shi ya samo asali ne daga hukuncin da Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke a 1982, lokacin tana zama a matsayin kotun ƙoli, a wata shari'a kan tallafin karatu. Abin da hukuncin ya tsayar shi ne mutum ya kasance yana zaune a ƙasar bisa doka, da son ransa, kuma zaman ya kafu, ya zama nan ne rayuwarsa ta yau da kullum take gudana a wannan lokacin.

Maganar wata shida kuwa babu ita a dokar. 'Yar ƙasa da ta tattara kayanta ta dawo domin ta zauna, tun ranar da ta sauka daga jirgi ake ɗaukarta mazauniya, kuma tun ranar awon ciki da haihuwa da duk abin da ya biyo baya kyauta ne gare ta. Wadda kuwa ta bar gidanta da kayanta da rayuwarta a waje, ta zo da tikitin komawa a jaka, ta haihu ta yi 'yan makonni ta juya, baƙuwa ce a idon doka ko da kakanninta bakwai a Ingila aka binne su.

To ke a wane ɓangare kike? Amsar tana cikin tambayarki ta ƙarshe, kuma ita ce na fi so ki zauna da maigidanki ku tattauna kafin ki sayi tikiti. Yadda kika bayyana lamarin, aikin da ya riƙe ku a Dubai ya ƙare, izinin zamanku a can yana rataye da aikin, kuma babu wata kwangila a hannu. Idan da gaske niyyarku ita ce ku kafa gida a Ingila, to kin cika sharaɗi. Ba a neman ki rantse cewa ba za ki sake fita ba har abada. Mutum yana iya dawowa da niyyar zama, bayan shekara wata dama ta taso ya sake tafiya, wannan bai mayar da shi maƙaryaci ba, domin halin da kike ciki lokacin da aka duba ki shi ake aunawa. Amma idan a zuciyarku kun riga kun san maigida yana dab da sa hannu a wata kwangila, gidan haya na Dubai yana nan ba a sake shi ba, tafiyar taki kuma ta haihuwa ce kawai, to ki shirya biyan kuɗi, kuma ki faɗi gaskiya idan an tambaye ki. Za ki samu masu ce miki “ki ce kin dawo ke nan, wa zai sani?” Kada ki bi wannan shawara. Ba da bayanin ƙarya domin kauce wa biyan kuɗin asibiti zamba ce a doka, kuma sunanki ne a kan takardar da kika sa wa hannu, ba na mai ba ki shawarar ba.

Kowane asibitin NHS a Ingila yana da jami'in da ke kula da lamarin baƙi daga waje. Galibi a zuwan farko za a tambaye ki inda kika zauna cikin watannin da suka wuce, idan kika ce Dubai sai wasiƙa ta biyo baya ana neman shaida. Kada wasiƙar ta tayar miki da hankali, ba tuhuma ba ce. Abin da jami'in yake so ya gani shi ne alamun cewa kin rufe ƙofa a can kin buɗe a nan: takardar ƙarewar aikin maigida, shaidar sakin gidan haya, soke izinin zama, rasit na kamfanin da ya ɗauko kayanku, tikitin zuwa wanda babu na komawa. A ɓangaren Ingila kuma, tunda wurin mahaifiyarki za ki sauka ba ki da takardar haya da sunanki, sai ta rubuta wasiƙa cewa a gidanta kike zaune, ta haɗa da takardar harajin ƙaramar hukuma ko ta wutar lantarki mai ɗauke da adireshin. Ki mayar da adireshin bankinki can, ki shiga rajistar masu zaɓe, idan akwai manyan yara ki nema musu makaranta. Babu takarda ɗaya da ita kaɗai take yanke hukunci, jimillarsu ake kallo. Ki tara su tun kina Dubai, domin neman takarda daga tsohon wurin aiki bayan an bar ƙasa wahala ce da mai tsohon ciki ba ta buƙata.

Idan aka ɗauke ki baƙuwa, ga yadda abin yake. Dokar cajin baƙi ta 2015 ta ce a Ingila ana karɓar kashi 150 cikin 100 na farashin da NHS ta ƙayyade, wato aikin fam 1,000 zai zo miki a fam 1,500. Awo da haihuwa gaba ɗaya sukan kai dubban fam, idan aka yi tiyata ko jariri ya kwanta a sashen kulawa ta musamman kuɗin ya haura sosai. Tun Oktoban 2017 asibitoci suna karɓar kuɗi kafin aiki idan jinyar ba ta gaggawa ba ce. Sai dai a nan akwai abin da nake so kowace mai ciki ta riƙe da hannu biyu: duk wata kulawa da ta shafi ciki, daga awon farko har zuwa bayan haihuwa, doka ta sa ta cikin jinyar da ba a jinkirtawa. Ba a yarda asibiti ya hana ki awo, ko ya ɗage miki hoton ciki, ko ya mayar da ke gida kina naƙuda saboda ba ki biya ba ko takardunki ba su kammala ba. Za a duba ki, takardar kuɗi ta zo daga baya, kuma kina iya neman a raba miki biyan kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfinki. Bashin da ya kai fam 500 ya kuma wuce wata biyu ana iya kai rahotonsa ma'aikatar cikin gida, abin da ke shafar masu neman biza. Ke 'yar ƙasa ce, ba a hana ki shiga, amma bashi dai bashi ne, za a bi ki.

Na dage a kan wannan ne saboda tsoron takardar kuɗi yana sa mata su ɓoye a gida har ciki ya tsufa. Hawan jini na masu ciki ba ya sallama, mace tana jin kanta garau alhali fitsarinta da jininta suna nuna haɗari, sai awo ne ke kama shi kafin ya kai ga jijjiga. Rahotannin da ake fitarwa a Birtaniya kan mutuwar mata wajen haihuwa sun sha nuna cewa haɗarin ga baƙar fata ya fi ninki biyu na farar fata. Ba na so mako ɗaya na awo ya wuce ki saboda jiran wata wasiƙa.

Don haka a makon da kika sauka ki yi abu biyu. Ki yi rajista da likitan unguwa, wanda ake kira GP. Wannan kyauta ne ga kowa a Ingila, kuma ƙa'ida ba ta yarda a ƙi ki don ba ki da shaidar adireshi ba. Sannan ki kai kanki sashen ungozoma na asibitin da kika zaɓa kai tsaye, yawancinsu suna da fom a intanet, ba sai likita ya tura ki ba. Ki rubuta makon cikinki a sarari. A tsarinsu ana so a yi zaman farko da ungozoma kafin mako 10, ke kin wuce nan, saboda haka ya kamata su gan ki da wuri. Babban hoton da ake duba gaɓoɓin jariri ana yin sa ne tsakanin mako 18 da 21. Lissafinki ya nuna lokacin zai cika kina Dubai, to ki yi shi a can tun inshorarku tana aiki, ki karɓi rahoton a rubuce da Turanci. Ki haɗo da sakamakon rukunin jini, gwajin sikila naki da na maigida, gwajin ciwon hanta da na HIV, da hoton farko wanda aka ƙayyade ranar haihuwa da shi. Abin da zai rage miki a Ingila shi ne gwajin suga tsakanin mako 24 da 28 idan kina cikin waɗanda ake yi wa, allurar tarin shiƙa wadda ake so a yi kafin mako 32, da ta RSV, ƙwayar cutar da ke kama numfashin jarirai, daga mako 28, wadda aka fara bai wa masu ciki a Satumban 2024. Ki kuma roƙi ungozoma ta nema miki takardar yafe kuɗin magani, wadda ke ba ki magani kyauta har wata 12 bayan haihuwa. Kula da haƙori a NHS ma kyauta ne a wannan tsakanin.

Kada ki ja tafiyar. Yawancin kamfanonin jirgi suna neman wasiƙar likita bayan mako 28, suna kuma daina ɗauka wajen mako 36, ko 32 idan tagwaye ne. Tafiyar Dubai zuwa Landan ta kai awa bakwai, kuma zama fiye da awa huɗu yana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa ga mai ciki, sai ki sa safar matsi, ki riƙa tashi kina takawa, ki sha ruwa. Kada kuma ki dogara da sayen sabuwar inshora a matsayin mafita. Kamfanoni masu zaman kansu galibi ba sa ɗaukar cikin da aka riga aka samu, inshorar tafiya kuwa ba ta biyan haihuwar da aka shirya.

Lamarin maigida daban yake da naki, kuma ba ya rage miki komai. Idan ya shigo da bizar ziyara, shi baƙo ne, jinyarsa a asibiti da kuɗi. Idan ya nemi bizar aure zai biya harajin lafiya na baƙi tare da takardar neman, wanda tun Fabrairun 2024 yake fam 1,035 a shekara ga babba, daga nan ya yi amfani da NHS kusan kamar kowa. Bizar tana da sharaɗin samun kuɗin shiga na fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024, ko ajiya mai yawa a madadinsa, don haka ku fara lissafi da wuri. Shaidar cewa ya shigar da takardar neman ma hujja ce mai ƙarfi a gaban jami'in asibiti cewa iyalin gaba ɗaya dawowa suke yi. Jaririn kuwa, tunda a Birtaniya za a haife shi kuma uwarsa 'yar ƙasa ce, ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa. Kuna da kwana 42 ku yi masa rajista.

Abu ɗaya da yakan ba masu dawowa mamaki: samun jinya kyauta ba ya nufin samun kuɗin hutun haihuwa. Alawus ɗin haihuwa na gwamnati yana buƙatar mace ta yi aiki mako 26 cikin mako 66 da suka gabaci makon da ake sa ran za ta haihu, kuma aikin da aka yi a Dubai galibi ba ya shiga lissafi. Ku tanadi abin da za ku ci a watannin farko.

Duk abin da na faɗa kan caji na Ingila ne. Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa kowacce tana da nata dokokin, ko da yake tushen ɗaya ne. Idan jami'in asibiti ya yanke cewa ke baƙuwa ce alhali kin san kin dawo zama, ki nemi ya ba ki dalilinsa a rubuce, ki ƙara masa shaida, ki kai ƙorafi ofishin sauraron koken marasa lafiya na asibitin. Ƙungiyar Maternity Action tana ba da shawara kyauta a kan irin wannan matsala. Duk tsawon lokacin da ake wannan ja-in-ja ki ci gaba da zuwa awonki a ranakun da aka ba ki.