Amsa ga ɗalibina kan labarin soyayya a filin kurket

Ɗana, na karanta babi biyun da ka aiko, na kuma ga tambayarka game da yadda za ka rubuta labarin soyayya mara nauyi tsakanin ɗan wasan kurket da budurwa mai rubuta maki, alhali yawancin masu karatunmu ba su san wasan ba sai abin da suka gani a finafinan Indiya.

Da farko ka cire shafukan da ka cika da dokoki. Abin da mai karatu yake buƙata kaɗan ne: kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11, mai jifa yana neman kaɗe sanduna uku, mai bugu yana kare su, kuma da zarar an fitar da shi ba zai sake bugu ba a wannan zagayen. Wannan dokar ta ƙarshe ita ce jarinka, domin saurayin da ya kwashe mako yana atisaye zai iya fita a jifan farko, ya tako ya bar fili a gaban wadda yake so.

Aikin budurwar kuwa ka zaɓe shi da kyau, amma ba ka ci moriyarsa ba tukuna. Mai rubuta maki ba ta da damar kawar da ido, saboda kowane jifa sai ya shiga littafi: ɗigo idan ba a samu komai ba, 4 idan ƙwallo ta gangara ta ƙetare iyaka, 6 idan ta tsallake ta sama, kuma duk alamar da alƙali ya yi sai ta ɗaga hannu ta nuna ta gani. Ka ga ke nan wasan T20, wato gajeren nau'in kurket, ya ba yarinya mai kunya kusan awa uku na kallon fili ba tare da kowa ya zarge ta da rashin kamun kai ba. Nuna mana yadda birota ya huda takarda lokacin da aka fitar da shi, ya kuma lura da hujin da yamma, kada ka sa ta furta komai.

Shawarata ita ce ka mai da yayanta abokin bugunsa. Masu bugu biyu ne a fili lokaci guda, suna gudun yadi 22 don samun maki bisa kiran junansu, kuma idan ɗaya ya ce a taho sannan ya fasa, ɗayan ne yakan kwana a ciki. Saɓani irin wannan ya isa ya riƙe labarin, don haka ban ga dalilin kawo boka ko hatsarin mota ba.

In kana so ita ma ta riƙa bugu, babu ƙari a ciki, tun da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand da maki 2 a gasar duniya ta 2025 a Malesiya.

Kafin ka taɓa babi na uku, ka je filin kurket da ke babban filin wasa na Moshood Abiola nan Abuja, ka nemi izini ka zauna kusa da masu rubuta maki. Ka saurari abin da 'yan wasa suke faɗa wa juna, musamman idan ruwa ya tsayar da wasa kowa ya fake a rumfa ɗaya, ka rubuto mini hirarsu yadda ka ji ta.