Amsa: Ina kwandalolin 2007 suka shiga?

Malam, ka tambaya me ya sa ba ka ganin naira ɗaya da naira biyu na ƙarfe a Bauchi. Babban Bankin Najeriya ya fito da su a Fabrairun 2007, zamanin gwamnansa Soludo, tare da sabon kwabo hamsin. Naira ɗaya na ɗauke da hoton Herbert Macaulay, naira biyu kuma ginin Majalisar Tarayya. Ba a soke su ba. Kasuwa ce ta ƙi su.

Lokacin ina taya kawuna tsaron shago a Wunti. Mai sayayya ya miƙo naira hamsin, ka ba shi canji da ƙarfe, sai ya ture: "Aljihuna zai huje, ba ni alawa." Ɗan acaɓa ma ba ya karɓa. Mu kuma in sun taru a gwangwani, wa zai zauna ƙirga su a banki? Ga shi farashi ya riga ya koma biyar-biyar, goma-goma, babu abin da naira biyu ke saya.

A 2012 Sanusi, gwamnan Babban Bankin a lokacin, ya so mayar da naira 5, 10 da 20 ƙarfe, jama'a suka yi ca, aka dakatar. Gwangwanin kawu yana nan har yau, yara ke wasan dara da su.